Neman shawara: in zurfafa a fannin koyar da kimiyya, ko in canza hanya?

Malamar Kumo:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana malamai. Shekarata shida ke nan ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Akko, nan jihar Gombe. Azuzuwa uku nake shiga, wanda ya fi ƙarancin yara a cikinsu yana da tamanin da huɗu. Akwai wani ɗaki da aka rubuta "ɗakin gwaje-gwaje" a ƙofarsa, amma karyayyun benci ne a ciki da ragowar kwanon rufi.

Yanzu Allah ya sa na samu gurbin digiri na biyu a fannin koyar da kimiyya da tsara manhaja. Maigidana ya amince, Inna ma ta ce za ta riƙe mini yara ranakun lacca. Yayana ne ya ce ɓata kuɗi da lokaci zan yi, wai fanni ne da mutum zai tsufa a ciki bai ga abin da ya shuka ba, gara in juya zuwa kiwon lafiya ko kwamfuta tun da sauran ƙarfina.

Maganarsa ta tsaya mini a rai ne saboda abin da nake gani da idona. A shekara shidan nan sau uku ana kiranmu bita kan manhaja. Kowane zuwa a ba mu jaka da biro da kwafin takardu, mu dawo mu ci gaba da yadda muka saba: in cika allo da rubutu, su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su juye. Kwanan baya na tambayi 'yan aji uku me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Aji ya yi tsit. Yarinya ɗaya ce ta ɗaga hannu, ta ce saboda randa ta ƙasa ce. Alhali mako guda kafin nan dukansu sun rubuta mini ma'anar tashin ruwa zuwa tururi da Turanci, ko harafi ba su kuskure ba.

Don Allah waɗanda suka daɗe a wannan hanya su faɗa mini gaskiya. Gyaran manhajar nan yana isa aji kuwa? Mutum yana iya ƙarar da rayuwarsa a ciki ya ce ya yi wani abu?

Abu Safwan:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni dai ba zan yi miki ƙumbiya-ƙumbiya ba. Shekara tara na yi ina koyar da kemistiri a cikin garin Bauchi, yanzu ina Wunti ina sayar da kayan sola, kuma abin da nake samu a wata ya ninka albashin da na bari. In don ƙarin girma ne, ki je ki yi, takarda ba ta ruɓewa. Amma kada ki sa wa ranki cewa za ki gyara wani abu. Masu rubuta manhaja ba su taɓa tsayawa gaban yara casa'in da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ba. Yayanki yana ƙaunarki ne shi ya sa ya faɗa miki haka.

Baba Malam Misau:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Jikana ne ya nuna mini tambayarki jiya bayan isha'i, na kwana da ita a rai. Ki yi haƙuri da tsawon amsar.

Na fara riƙe alli a 1974, a wata firamare a ƙasar Misau, da takardar malanta mai daraja ta biyu. Lokacin ba a yi jihar Bauchi ba balle Gombe, duk muna Arewa maso Gabas, sai an je Maiduguri ake ganin babban ofis. Na ajiye aiki a jami'a a 2024 da na cika shekara saba'in. Shekara hamsin ke nan, kuma kusan duk a kan tambaya ɗaya na yi su: yaya za a koya wa yaronmu kimiyya ta zauna masa.

Abin da muke kira kimiyya a firamare wancan zamani nazarin halittu ne da tsabtar jiki da ɗan lambun makaranta. In zana ganyen ɗorawa a allo, ga bishiyar a bakin taga, ban taɓa tunanin in aiki yaro ya tsinko ba. Wanda ya buɗe mini ido wani malamin horo ne mai yawo a babur, daga shirin inganta firamare da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa a jihohin Arewa da taimakon UNICEF da UNESCO. Ya zauna a bayan aji ina koyar da tsirar iri. Da na gama bai ce na yi kuskure ba. Fita ya yi ya samo gwangwanayen madara shida, aka cika su da ƙasa, yara suka shuka wake. Biyu ana ba su ruwa a rana, biyu aka hana su ruwa, biyu kuma ana ba su ruwa amma an kulle su a kabad ɗin hedimasta. Bayan mako guda da aka buɗe kabad, waken ciki ya yi tsawo zaƙo-zaƙo, rawaya fatau, ba ƙwari, ya kwanta a bakin gwangwani. Yaran da ba sa buɗe baki a aji su ne suka hana ni sakat da tambaya. Daga ranar na san abin da nake so in yi da rayuwata, kuma shi ya kai ni Zariya karatu.

A sama kuwa an riga an fara motsi. A 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, inda 'yan Najeriya suka zauna da kansu don su tsara abin da za a koya wa 'ya'yansu. Daga nan aka samu Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka sake dubanta a 1981, sai tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, da aka fara aiwatarwa a 1982. Ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, wadda aka kafa tun 1957, ita ta tsara haɗaɗɗiyar kimiyya da yara ke kira Inta Sayans. Hikimar abin mai kyau ce ƙwarai: yaro ɗan shekara goma sha biyu ba ya ganin duniya a rabe, wannan fiziks, wannan kemistiri, wannan bayoloji. Ruwa ruwa ne a wurinsa, ko a rijiya ko a cikin jininsa ko a gajimare. Matsalar ita ce mu da aka ba darasin, kowa a fanni ɗaya aka horar da shi. Sai malamin bayoloji ya shafe zango guda a kan sassan fure da hanjin akuya, in ya zo babin lantarki ya tsallake. Kafin kwalejojin ilimi su fara yaye malaman da aka horar musamman don darasin, an yi shekaru. Ga kuma UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta riga ta cika azuzuwa maƙil, aka ɗebo malamai cikin gaggawa.

Abin da ya fi ci mini rai a wancan lokaci kayan Intiro Tek ne, wato darasin share fagen fasaha na ƙaramar sakandare. An shigo da injinan sassaƙa da na ƙira daga ƙasashen gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Makarantar da nake koyarwa ta samu nata a manyan akwatunan katako. Babu wuta a garin, ba a gina ɗakin da za a kafa su ba, ba kuma malamin da ya san kansu. Aka jingine su a bayan ofis. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Na tuna ranar da na sa yatsa a jikin wani akwati ya nutse, gara ta cinye katakon ta bar fenti kawai. Da muka leƙa, ƙarafan sun yi ja da tsatsa. Manufar da ke bayan kayan nan, wato yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu, har yau ina ganin daidai ce.

Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, Naira ta faɗi, malamanmu Indiyawa da 'yan Pakistan da Filifin suka tattara suka tafi, sinadaran gwaji suka gagari makarantu. Wata rana zan koyar da tsami da kishiyarsa, na buɗe kwalbar takardar gwaji na tarar ba ko ɗaya. A hanyar gida na sayi zoɓo na ƙwandala. Da safe na jiƙa shi a ruwan zafi na tace, na jera kofunan shayi na gilas guda biyar a kan tebur, na zuba wa kowane. Na matsa lemon tsami a na farko, ja ya ƙara haske. Ruwan tsamiya a na biyu, haka. Da na ɗiga ruwan kanwa a na uku, nan take ya juye ya yi kore mai duhu, aji ya ɗauki salati. Ruwan toka ma haka ya yi. Sai na ɗauko wanda ya yi koren na rinƙa ɗiga masa lemon tsami a hankali har ja ya dawo. Wani yaro daga can baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya miƙe ya ce, "Malam, shi ya sa in Inna ta jefa kanwa a miyar yakuwa tsamin yake mutuwa?" Abin da littafi ya ɗauki shafi biyu yana bayani, yaron nan ya ɗauko shi daga madafin uwarsa. Ya zama malamin kemistiri daga baya, har ya riƙe makaranta.

Yanzu ga inda zan ba ɗana Abu Safwan gaskiyarsa. Bayan na koma kwalejin ilimi, daga nan jami'a, an sha kirana zaman rubuta manhaja da duba littattafai. Na ga zuwan UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarta ta 2004, da manhajar shekara tara da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fitar a 2007, inda Inta Sayans ta zama kimiyyar matakin farko da kike koyarwa. A 2012 aka sake dubawa, aka haɗa ta da fasaha da kwamfuta da motsa jiki ƙarƙashin suna ɗaya don a rage wa yara yawan darussa. Kin san yadda shafin manhaja yake: gurbin maudu'i, na manufa, na aikin malami, na aikin ɗalibi, na kayan koyarwa. Da hannuna na sha rubuta "ɗalibai su kasu rukuni-rukuni su gwada" a gurbin aikin ɗalibi, a raina ina hango aji mai yara talatin da biyar da famfo a kusurwa. Na san ba haka azuzuwanmu suke ba, daga cikinsu na fito. Ya kamata in tsaya kai da fata a rubuta yadda malama mai yara tamanin da huɗu za ta yi wannan gwaji a minti arba'in, ban matsa yadda ya kamata ba. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Amma kada a ce gyara ba ya yiwuwa. Kano ta buɗe sakandarorin kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta ba su hukumarsu daban, da malamai, da ɗakunan gwaji masu aiki. Manhajar ba ta bambanta da ta sauran makarantu ba. Ki je asibitocin Kano da jami'o'inta ki tambayi likitoci da injiniyoyi inda suka yi sakandare. Jihohi da dama, har da tamu, sun buɗe nasu daga baya.

To, shawarata ki je ki yi karatun. Ba zan yaudare ki da maganar kuɗi ba. Gida ɗaya na gina, a shekara goma sha ɗaya, kuma wata takwas na yajin aikin malaman jami'a na 2022 gidajenmu sun ji jiki. Abin da zan iya nuna miki shi ne mutane. Daga Azare zuwa Billiri da wuya in shiga sakandare ban tarar da wanda na koyar ba, kuma in na leƙa ajinsa na ga gwangwani ko kwalba a kan tebur, na san ta inda abin ya biyo. Takardun da muka rubuta an canza su, za a kuma sake canzawa. Sharaɗina ɗaya ne: kada ki bar aji. Ko kin zama dakta, ki riƙe ko da aji ɗaya ne a makarantar gwamnati, domin ranar da aka kira ki zaman manhaja ya zama akwai mai yara tamanin a teburin.

Tambaya ɗaya gare ki: yarinyar da ta ce randa ta ƙasa ce, me kika ce mata?

Mai Kula da Lab, Bajoga:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni ba malami ba ne, ɗakin gwaje-gwaje nake kula da shi shekara ashirin da biyu, ina wanke gilasai ina haɗa sinadarai. Ina neman afuwa zan ɗan saɓa a wuri ɗaya.

Zoɓo yana aiki, ni ma ina yi. Nan kusa da mu dutsen da ake yin simintin Ashaka da shi ba ya wuyar samu, in na ɗiga masa asid ya fara kumfa yara har tsalle suke yi. Amma tsorona shi ne wannan dabara ta zama hujjar hana makarantu kaya. Na taɓa rubuta takardar neman buret goma da fifet goma, wato bututan gilas na auna ruwan sinadari, aka dawo mini da ita an rubuta a gefe wai a yi amfani da kayan gida. Wane kayan gida ne zai auna ruwa digo-digo? Ranar jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO ba zoɓo za a ajiye wa yaro ba. Na sha ganin yarinya mai ƙoƙari, wadda ta haddace lissafin duka, ta zo ranar ta fara taɓa buret a rayuwarta. Hannunta yana rawa, ta murɗa famfon da ƙarfi, launi ya wuce ba ta gani ba, ta tsaya tana kuka.

Wani abin kuma, makarantu da yawa suna da kayan, suna sito a kulle. Shugaban makaranta yana tsoron a fasa a ce ya biya. Ga shi an daina ɗaukar irinmu aiki, waɗanda muka rage muna ta yin ritaya. Malami mai darasi ashirin da huɗu a mako ba zai iya shirya gwaji ya kwashe ya wanke shi kaɗai ba. Malama, in kin je karatun, don Allah ki sa mu a cikin bincikenki.

Mama Kaltungo:

Sannunku da aiki. Baba Farfesa, mun gode da wannan tarihi. Ni hedimistires ce ta firamare, saura mini shekara biyu. Abin da na gani a labarin Malama harshe ne. Yaran sun rubuta ma'anar da Turanci daidai domin sauti suka haddace. Da aka tambaye su da Hausa a kan randar da suke sha kullum, ba su san maganar ɗaya ce ba.

Tun Manufar Ilimi ta farko aka ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin a shekarun farko na firamare. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife daga 1970, aka koyar da yara komai da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza a Turancin ba. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, aka sanar cewa za a yi firamare duka da harshen uwa, a ƙarshen 2025 kuma aka sanar an janye. Mu a aji ba mu ga littafin kimiyya ko ɗaya da harshen yaranmu ba tsakanin sanarwar farko da ta biyu.

Sai dai in tuna wa 'yan'uwa cewa jihar nan ba Hausa kaɗai ake yi ba. A ajina ɗaya akwai Tangale da Waja da Fulani da Hausawa. In ka gangara Yamaltu Deba ga Tera, Kwami da Nafaɗa ga Bolewa. Hausa ce ke haɗa su a filin wasa, da ita nake bayani, amma nakan ce kowa ya faɗi sunan abin da yarensu kafin in ba su na Turanci. Yaro in ya ji an tambayi kalmar gidansu, sai ka ga ya gyara zama.

Malamar Kumo:

Na gode ƙwarai, iyayena. Baba, wallahi tambayarka ta sa na ji kunya. Ce mata na yi, "A'a, zauna." Daga nan na juya na sake rubuta ma'anar a allo na sa su maimaita sau uku. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, sai yanzu na lura.

Na yi magana da yayana na karanta masa amsarku. Bai canza ra'ayi ba, amma ya ce tunda na nace zai biya kuɗin rajistar zangon farko. Ranar Litinin zan je in karɓi takardar shiga. Abin da ya rage ban san a kan me zan yi bincike ba. Waɗanda suka riga ni duk takardar tambayoyi suka raba wa malamai suka tattara ra'ayi. Kuma Baba, yaya zan gyara abin da na yi wa yarinyar nan?

Baba Malam Misau:

Kada ki tsananta wa kanki, 'yata, ni ma na faɗi wannan "zauna" sau da ba zan iya ƙirgawa ba kafin in gane. Malam mai kula da lab, ba ka saɓa mini ba, ka cike abin da na bari ne. Zoɓo na buɗe ƙofa ne, yaro ya yarda cewa kimiyya ta shafi gidansu. Auna abu daidai kuwa sai da kayan awo, kuma haƙƙin yaro ne a ba shi. Mama, abin da kike yi da sunayen nan na so a ce na san shi tun ina firamare.

Yarinyar nan rabin amsa ta kawo miki. Tambayar da ta rage ita ce: me ƙasa take yi wanda roba ba ta yi? Ki koma ajin, ki kira sunanta a gaban kowa, ki ce kin yi tunani a kan maganarta kuma za a gwada. Ki sayi ƙananan tuluna biyu sababbi iri ɗaya. Ɗaya ki bar shi yadda yake, ɗayan ki naɗe shi da leda ruf har wuya ki ɗaure. Ki samo bokitin roba mai murfi. Da safe a cika ukun da ruwan rijiya ɗaya, a rufe, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ita za ki ba aikin aunawa, tare da wasu biyu. Kafin a tashi a sake aunawa, a rubuta a allo. Sannan ki sa yara su zo layi-layi su shafa bayan tulun da ba a naɗe ba. Za su ji damshi. Kada ki faɗa musu komai, ki tambaye su daga ina wannan ruwan ya fito, ina kuma yake tafiya. In sun tsaya, ki ce su tuna yadda jiki yake ji in mutum ya yi gumi iska ta kaɗa shi. Sai sun kai wurin da kansu za ki ɗauko kalmar Turancin da suka haddace ki ɗora a kai.

Ki yi shi yanzu da rani, da damina iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, bambancin ba ya fitowa sosai. Wannan ma tambaya ce da za ki bar musu su tafi da ita gida. Ki kuma ba su labarin Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Abin da ke cikin randarsu ne ya yi aiki da shi.

Kada ki sayi ma'aunin zafi na asibiti a kemis, mai gilas ɗin nan daga digiri 35 yake farawa, ruwan tulu zai sauka ƙasa da haka. Na ɗakin gwaji ake so.

Batun bincike kuwa, yana gabanki. Ki sayi littafin rubutu mai kauri, duk darasin da kika yi irin wannan ki zauna a ranar ki rubuta abin da yara suka faɗa da bakinsu, da harshen da suka faɗa, da minti nawa abin ya ci, da inda cunkoso ya kayar da ke. Zango biyu kika yi haka kina da abin da babu a ɗakin karatu na kowace jami'a da na sani. In mai duba aikinki ya ce sai takardar tambayoyi, ki nuna masa littafin tukuna. Ki turo mana lambobin da kuka samu a nan, ina son in ga tulun leda ya tsaya a nawa.

Mai Kula da Lab, Bajoga:

Malama, ina da ma'aunin zafi biyu nawa na kaina, masu jan ruwa a ciki, daga ƙasa da sifili har 110. Ranar Asabar zan shigo Gombe, zan naɗe su a auduga cikin bututun roba in ba direban motar Kumo a tasha. Ki turo mini saƙo a keɓe in faɗa miki lambar motar. Ki ja wa yaran kunne kada su motsa ruwa da shi, kuma a bar shi minti biyu a ciki kafin a karanta.